Yadda Na Haɗa Wa Ƙadangare Ɗaki A Ajin 'Yan Firamare A Ingila

Yau ba maganar kaji ko tarwaɗa na zo muku da ita ba, maganar ƙadangare ce. Na san wani zai ce, "Malam, ƙadangare kuma? Abin ya kai nan?" Ku dai yi haƙuri ku bi ni a hankali.

Kafin in baro gida, shekara shida na yi ina kiwon buroila a bayan gidanmu a Zariya, ɗari biyu zuwa ɗari uku a zubi ɗaya. Da karatu ya kawo mai ɗakina Ingila, na biyo ta, na samu aiki a wata makarantar firamare a Bamingham a matsayin mataimakin malamar aji huɗu. Yara talatin ne a ajin, 'yan shekara 8 zuwa 9. Wata rana a lokacin shan shayi na ba malamar labarin kajina. Ashe jawo wa kaina aiki na yi. Bayan kamar wata biyu sai ta tare ni da murna, wai iyayen wani yaro za su bar gari, suna da ƙadangare mai gemu, sun ba ajinmu kyauta, kuma tunda ni na san kiwo, ni zan kula da shi.

Wallahi dariya ce ta fara kama ni. Mu da muka tashi muna jifan jangwada a kan katanga, yau ni ne mai renon ƙadangare har da albashi. Amma na amsa, don ban ga abin wahala ba. Wanda ya raini 'yan tsaki ɗari uku cikin hunturun Zariya, ƙadangare ɗaya ne zai gagare shi?

Bari in fara gabatar muku da shi. Asalinsa ɗan ƙasar Ostireliya ne, daga busassun yankunan tsakiyar ƙasar, inda rana take dukan duwatsu kamar yadda take yi a wajenmu cikin bazara. Masana suna kiransa Pogona vitticeps, kuma dangi ɗaya suke da ƙadangarenmu na gida, shi ya sa shi ma yake gyaɗa kai irin nasu. Sai dai ya fi namu faɗi da kauri, babbansa yakan kai santimita 45 zuwa 60 daga baki zuwa ƙarshen wutsiya. Gemun da ake faɗa ba gashi ba ne, fatar maƙogwaro ce mai ƙayoyi, idan ya tsorata ko ya fusata sai ya hura ta ta yi baƙi ƙirin. Ostireliya ta hana fitar da namun dajinta tun shekarun 1960, don haka waɗanda ake sayarwa a Turai da Amurka a can ake ƙyanƙyashe su. Yana da sanyin hali, bai cika cizo ba, da rana yake harkarsa ya kwana da dare, wannan ne ya sa makarantu suke sonsa. Kuma yakan yi shekara 10 zuwa 15. Wannan lissafin ne malamarmu ba ta yi ba: yaran da suka yi tsallen zuwansa za su gama sakandare yana nan.

Ranar da aka kawo shi, a cikin wani ƙaramin akwatin gilashi na kifin ado ya zo, tsawonsa bai wuce santimita 60 ba, da jan ƙwan fitila guda ɗaya a sama da yashi a ƙasa. Yara suka jefa ƙuri'a suka sa masa suna Mango. Ni kuwa tun kallon farko jikina ya ba ni akwai matsala. Ba ya ɗaga cikinsa daga ƙasa in zai yi tafiya, jan jiki yake yi. Yatsunsa suna ɗan rawa. Da na taɓa haɓarsa sai na ji ta da laushi kamar roba. Ban san ƙadangare ba, amma na san wannan. Na taɓa ganinsa a zubin da na haɗa abinci da kaina na yi ƙwauron garin ƙashi da firimis: 'yan tsaki suna zama a kan gwiwa, baki yana lanƙwasa. Masu kajin ƙwai ma sun san shi, ranar da ƙwai ya fara fitowa da ɓawo mai taushi.

Likitan dabbobi ya ɗauki hoton ƙashinsa ya tabbatar. Ciwon laushin ƙashi ne, ya fara amma bai yi nisa ba. Ya ba da ruwan kalsiyam, sannan ya ce mini maganin ba shi zai warkar da shi ba, ɗakin ne ya sa masa ciwon, ɗakin ne kuma zai cire masa. Shugabar makaranta ta ce ta ba mu zango ɗaya, in bai murmure ba za a miƙa shi ga masu ceton dabbobi. Ba ta yi laifi ba. A Ingila akwai dokar jin daɗin dabbobi ta 2006 wadda ta ɗora wa duk mai riƙe da dabba alhakin wurin zamanta da abincinta da lafiyarta, kuma babba ake kamawa, ba yaro ba. Ita ma ƙungiyar RSPCA mai kare dabbobi ba ta goyon bayan ajiye dabba a aji. Sai Mango ya zame mana ƙadangaren bakin tulu: a mayar da shi yara talatin su yi kuka, a bar shi a haka ya lalace a hannunmu.

Abu na farko da na yi shi ne watsar da akwatin gilashin nan. Ma'aunin da RSPCA take bayarwa ga babba guda ɗaya shi ne aƙalla santimita 120 tsawo, 60 faɗi, 60 tsayi. Muka sayi na katako mai wannan girman, da ƙofofin gilashi biyu masu zamewa a gaba da ramukan shan iska a baya. Katako ya fi gilashi riƙe zafi, a ƙasar da ake sanyi wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ƙofar gaba kuma tana da dalili. A tsakiyar kan wannan dabba akwai wani ɗan tabo da ake kira ido na uku, ba ya ganin hoto amma yana jin canjin haske da inuwa. A daji, inuwar da ta faɗo daga sama shaho ce. To ku ƙiyasta hannun yaro yana saukowa ta saman akwati sau goma a yini. Daga gefe ake zuwa masa, a tura hannu ƙarƙashin ƙirjinsa a ɗago.

Kuma shi kaɗai ake ajiyewa. Yara sun dame ni a samo masa aboki don kada kewa ta kama shi. Ba kaza ba ce. Maza biyu faɗa za su yi har a rasa yatsa ko wutsiya, in ma ba su yi faɗa ba, mai ƙarfi zai haye kan mai rauni ya tare masa zafi da haske.

Wurin ajiyewa ma sai da muka yi gardama. Malama tana son bakin taga don ya sha rana. Na ce a'a. Hasken da yake buƙata daga rana ba ya ratsa gilashin taga, zafin ne kawai yake shigowa, kuma akwati a rufe a bakin taga kan iya zama tanda cikin awa ɗaya. Muka kai shi kusurwar baya, nesa da ƙofa, nesa da hitar ɗumama aji, inda yara ba sa gilmawa kowane lokaci.

Yanzu ga inda aikin yake, wato zafi. A nan ne sanin rainon 'yan tsaki ya taimake ni, a nan ne kuma ya kusa yaudarata. Kowa a nan ya san buroda: makon farko kana neman digiri 32 zuwa 35 a ƙarƙashin fitila, kana ragewa a hankali duk mako har gashi ya rufe su. Ka san kuma ba a cika ɗaki duka da zafi, ana barin gefe mai sanyi. In sun cure a ƙarƙashin fitila suna kuka, sanyi suke ji, in sun watse bakin bango suna haki, zafi ya yi yawa. To haka ɗakin ƙadangare yake, sai dai bambanci ɗaya: ɗan tsako bayan mako huɗu ko biyar ya gama da fitilarka, jikinsa zai riƙa samar da zafinsa. Shi wannan har ya mutu ba zai samar ba. Burodar da ba a kashewa ce, shekara goma sha. Da zafin waje yake narkar da abinci, da shi yake motsi, da shi jikinsa yake yaƙar cuta.

Don haka aka raba ɗakin gida biyu. A ƙarshen dama na rataya farin ƙwan fitila mai wat 100, na sa masa ragar ƙarfe don kada ya taɓa shi ya ƙone, a ƙarƙashinsa na ɗora faffaɗan dutse. A kan dutsen nan ake son digiri 38 zuwa 42. A ƙarshen hagu kuma 22 zuwa 26, da ɗan kogon da zai shiga ya ɓuya da ƙaramin kwanon ruwa. Shi da kansa zai riƙa kai da komo tsakanin biyun yana daidaita jikinsa. Wannan ne ya sa ƙaramin akwati ba ya yi: a santimita 60, in ka ɗumama gefe ɗaya ka ɗumama duka, ba shi da wurin gudu.

Fitilar ba kai tsaye na jona ta ba, ta cikin na'urar daidaita zafi ta bi, irin wadda take rage ƙarfin wutar a hankali in zafi ya kai, ba mai kashewa da kunnawa ba. Jan ƙwan da ya zo da shi na jefar. Akwai kuma wani dutsen roba mai wuta a ciki da ake sayarwa wai don ya kwanta a kai, likita ya ce kada in kusance shi, yana ƙona musu ciki ba su sani ba. Daga sama zafinsu yake zuwa, kamar rana.

Ga inda na ce sanina ya kusa yaudarata. A Zariya ban taɓa mallakar ma'aunin zafi ba. Da bayan hannu nake ji, da ido nake karanta 'yan tsaki, kuma ina alfahari da haka. Da na gama haɗa fitilar Mango na sa hannu a kan dutsen na ce ya yi daidai. Malama ta matsa sai mun auna, na karɓi ma'aunin ina ɗan jin haushi. Irin mai kama da bindiga ne, ka nuna wuri ka danna ya faɗa maka zafinsa. Digiri 49. Hannun da na dogara da shi shekara shida ya yi kuskuren kusan digiri goma. Na tsaya ina tuna zubin da nake rasa ashirin ko talatin a makon farko in ce daga kamfanin ƙyanƙyasa ne. Allah kaɗai ya san nawa ne daga cikinsu hannuna ya kashe. Na rage tudun dutsen, na sake saita na'urar har ya zauna a 40. Sannan na manna ma'auni biyu masu waya, ɗaya a kowane gefe, a daidai tsayin bayansa, ba can sama kusa da rufi ba. Wanda ya rataya ma'auni a saman bangon buroda zafin bango yake aunawa, ɗan tsako yana ƙasa.

Sai fitila ta biyu, wadda rashinta ne ya lanƙwasa ƙashin Mango. A cikin hasken rana akwai wani kashi da ido ba ya gani, ana kiransa UVB. In ya sauka a fata, jiki yana haɗa bitamin D3 da shi, kuma ba tare da D3 ba, kalsiyam ɗin da dabba ta ci wucewa kawai zai yi ya fita a kashi. Jiki kuma ba zai zauna babu kalsiyam a jini ba, sai ya koma yana zarar na ƙashi. Masu shi na farko suna barbaɗa masa garin kalsiyam, ba su yi sakaci da wannan ba, amma babu hasken, sai ya zama zuba ruwa a kwando. Kazar da take yawo a tsakar gida rana tana yi mata wannan aikin kyauta. Wadda aka kulle a ɗaki mai rufin kwano, daga abinci kawai take samu, shi ya sa ake sa D3 a cikin firimis, shi ya sa kuma mai rage firimis don ya rage kuɗi yake gamuwa da abin da na gamu da shi.

Na sayi doguwar fitilar UVB mai ƙarfin kashi 12, irin ta dabbobin hamada, na ɗaura ta a cikin rufin daga gefen zafi ta miƙe har wajen kashi biyu cikin uku na tsawon ɗakin, yadda in ya hau dutse zai sami zafi da hasken lokaci ɗaya, in ya gaji ya koma inuwa. Tazarar da ke tsakaninta da bayansa na bi abin da kamfanin ya rubuta a kwali. Abu biyu ne suke kayar da mutane a nan. Na ɗaya, in akwai gilashi ko roba tsakanin fitilar da dabbar, an yi aikin banza. Na biyu ya fi sharri: fitilar tana ci gaba da haske fes bayan ƙarfin UVB ɗinta ya ƙare. Ido ba zai gaya maka ba. Wasu wata shida suke yi, masu kyau shekara ɗaya. Na ɗauki alƙalami na rubuta ranar da na kunna ta a jikin katakon.

Duka fitilun biyu na haɗa su da agogon wuta mai kunnawa da kashewa da kansa, bakwai na safe zuwa bakwai na yamma. Da dare duhu yake so sosai. Mai son lissafi: wat 100 sau awa 12, yunit 1.2 ke nan kullum a fitilar zafi kaɗai in tana ci da cikakken ƙarfinta. Abin da rana take zuba muku a tsakar gida ba ko sisi, ni da mita nake sayensa.

Shimfiɗar ƙasa kuwa, masu wannan kiwo ba su daina musu a kanta ba har yau. Wasu sun ce yashi yana toshe musu hanji in sun haɗiye shi da abinci, wasu sun ce dabbar da take da isasshen zafi da ruwa a jiki tana fitar da shi lafiya, kuma tona ƙasa ɗabi'arsa ce. Ni ganina duka biyun suna da gaskiya, amma nawa mara lafiya ne. Na shimfiɗa tayil mai kaushi, yana riƙe zafi, yana rage masa farce, goge shi minti biyu ne, kuma ina ganin kashinsa sarai in san halin da cikinsa yake. Sai da ya warke na sa masa tire na ƙasa da yashi a gefe ɗaya don tono. Dusar katako irin ta ɗakin kaji ba ta shiga nan. Danshin iska kuma ana son kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari, in ya yi yawa ciwon numfashi yake kawowa, shi ya sa kwanon ruwa yake can gefen sanyi.

Duk wannan haɗin, Mango bai shiga ba sai da ɗakin ya yi mako guda yana aiki babu kowa a ciki, muna aunawa safe da rana da yamma. Yara suna ta ƙorafi. Na ce musu a garinmu mai hankali yana kunna buroda tun kwana ɗaya kafin motar 'yan tsaki ta iso, kuma sabon tafkin siminti sai an jiƙa shi an zubar, an sake jiƙawa, kafin a saka kifi. Wanda ya sayo dabba sannan ya fara neman inda zai sa ta, a jikin dabbar zai yi gwajinsa.

Abinci bai ba ni wahala ba, sai dai ya ba ni mamaki. Fara ake ba shi, da rai, ana sayar da ita a 'yan robobi a shagon dabbobi. Na riƙe robar nan ina tuna farar da muke saya soyayya da yaji a bakin kasuwa. Akwai gyare, akwai wani irin kyankyaso da ake kiwo musamman, sannan akwai tsutsar baƙin ƙudan soja, ita wannan da da yawa a cikinku suke kiwo don kifi da kaji. A nan ana ji da ita saboda tana da kalsiyam fiye da sauran ƙwarin, ita na fi ba Mango lokacin jinya. Ƙa'ida ita ce kada ƙwaro ya fi faɗin da ke tsakanin idanunsa biyu. Kafin a ba shi ƙwarin kuma sai an ciyar da su ganye da karas na kwana ɗaya, don abin da ke cikin fara shi ne zai shiga cikinsa, sannan a barbaɗe su da garin kalsiyam. Ƙarami ƙwari ya fi ci, babba kuma ganye ne mafi yawan abincinsa: lansir, ganyen kabeji mai duhu, gogaggiyar kabewa, ɗan jan tattasai mara yaji. Alayyafon Turawa ba a yawaita shi don yana riƙe kalsiyam ya hana jiki ɗauka. Fiya guba ce gare shi. Maƙesu, ƙwaron nan mai walƙiya da dare, guda ɗaya kan iya kashe shi. Na hana yara kamo masa ƙwari daga filin wasa kwata-kwata.

Maganar da ta fi tsorata shugabar makaranta ita ce salmonela. Dabbobi masu jan ciki suna ɗauke da wannan ƙwayar cuta a hanjinsu lafiyarsu lau, tana fita a kashi ta manne a fata da duk abin da suka taka. Hukumar CDC ta Amurka ta sanar da ɓarkewar cutar da aka danganta da irin wannan ƙadangaren a 2014, ta sake a 2024, kuma shawararta ita ce a nisanta su da yara 'yan ƙasa da shekara 5 da tsofaffi da masu raunin garkuwar jiki. Muka kafa doka. 'Yan nazire kallo kawai, ta bayan gilashi. Ƙofa da kwaɗo, makulli a aljihuna. Mutum biyu kacal suke taɓa shi a yini, a zaune a ƙasa, minti biyar, ina tsaye. Ba sumba, ba kai shi kusa da fuska, ba cin abinci a kusurwar. An gama, sabulu da ruwa. Kwanukansa suna da bokitinsu daban, ba sa zuwa inda ake wanke kofunan shayi, kashi kuma ni nake kwashewa da safar hannu. Ina tsara wannan doka ina jin kunya, don ita hukumar irin gargaɗin nan take yi a kan 'yan tsaki da kajin gida, ni kuwa ƙannena sun sha fitowa daga ɗakin kajina su zauna gaban tuwo ba wanda ya ce su wanke hannu.

Mako shida da shigarsa sabon ɗaki rawar yatsun ta tsaya. Ya fara ɗaga ƙirji yana bin fara da gudu. Wata yarinya ta rugo tana cewa Mango zai mutu, ya hau dutse ya wangale baki. Na nuna mata ma'auni, 40 daidai. Haka suke yi in jiki ya ɗauki zafin da ya ishe shi, suna fitar da rarar ta baki. Na fara jin kaina gwani.

Sai watan Janairu ya zo. Duk wayoyin ɗakin na haɗa su a kan soket ɗaya na bango. Ban yi tunanin mai rufe makaranta yana zagayawa ranar Juma'a yana kashe duk makunnin da ya gani a kunne ba, aikinsa ke nan, kuma ban gaya masa komai ba. Ban kuma san ana kashe ɗumamar ginin gaba ɗaya a ƙarshen mako ba. Litinin da safe na shigo na tarar da kusurwar duhu. Ma'auni yana nuna 11. Mango yana kwance a bakin kogonsa, ya yi baƙi, idanu a rufe, na ɗaga shi sanyi ƙalau kamar an ciro shi daga firji. Gabana ya faɗi. Saura minti ashirin yara su shigo.

Na sa shi a cikin rigata a jikin ƙirjina, na kunna fitilu, na kira likita. Ya ce a hankali za a ɗumama shi, kada in sa shi a ruwan zafi ko in manna shi da hita, kuma kada in ba shi ko ƙwaro ɗaya sai jikinsa ya koma daidai, don abinci a cikin da ya yi sanyi ruɓewa yake yi. Haka na ɗauki rajistar safe da ƙadangare a cikin riga. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya ya buɗe ido, bayan azahar ya ja jiki ya hau dutsensa da kansa. Sai ranar Laraba ya karɓi abinci.

Na je na sami shugabar makaranta na gaya mata laifina ne. A makon aka sa wa soket ɗin murfi mai makulli da takarda da manyan baƙaƙe. Na ƙara hitar tangaran, wadda take ba da zafi ba haske, a kan tata na'urar, tana tashi da kanta in ɗakin ya sauka ƙasa da 18 da dare. Na sayi ma'auni mai riƙe mafi ƙanƙanta da mafi girman zafin da aka yi, yadda da safe zan san abin da ya faru ina barci. Da ina da irinsa a Zariya, da na san abin da ƙarfe ukun dare take yi wa 'yan tsakina in gawayi ya mutu. Mai rufe makarantar kuma, da ya ji labari, shi ya ɗauki nauyin leƙa shi ranar Asabar, har ganye yake kawo masa daga lambunsa.

Muka buɗe littafi. Kullum yara biyu suke rubuta zafin dama da na hagu, abin da ya ci, ko ya yi kashi, ranar Juma'a kuma a ɗora shi a sikelin kicin a rubuta nauyi. Wannan littafin ne ya cece mu daga wani firgicin, lokacin da ya rage ci ya koma yini a kogo. Nauyinsa bai sauka ba, likita ya duba ya ce lafiyarsa lau, dogon hutun sanyi ne da jinsinsu suke yi. Shi ne kuma na ajiye a gaban shugabar makaranta a ƙarshen zango. Ta buɗe shafi uku ta rufe, ta ce ya zauna.

Hutun bazara a nan mako shida ne, ba mai barinsa a makaranta. Da ni da mai rufe makaranta muka kinkimo akwatin nan mai santimita 120 muka hau da shi bene har falonmu. Mai ɗakina ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Maigida, ko ni ko robar farar nan a kicin ɗina, zaɓi ɗaya." Fara ta koma baranda. Ranar Juma'a muna waya ta bidiyo da Hajiyarmu, sai ta hango shi a bayana ya hau dutse yana gyaɗa kai. Ta yi shiru, ta matso da fuskarta kusa da wayar, ta ce, "Kai, wancan ba ƙadangare ba ne?" Na ce shi ne, Hajiya. Ta ce, "Ikon Allah. Ga su nan fal a katangar bayan gida, da ka faɗa ai da an aiko maka."

Haɓarsa har yanzu a ɗan karkace take, likita ya ce haka za ta zauna, ƙashin da ya riga ya lanƙwasa ba ya komawa. Fitilar UVB kuma saura mako uku ta cika shekara, sabuwar tana cikin kabad ɗin aji a kwalinta.